Ginin da Ke Jiran Gobara: Labarin Wata Tafiya Sakkwato

Duk wanda ya ce maka za shi Sakkwato, ka san wuraren da zai taka. Zai shiga Hubbare ya yi wa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo addu'a, ya tsaya a ƙofar fadar Sarkin Musulmi, ya yi salla a masallacin Shehu ko na Bello, in mai son tarihi ne ya leƙa gidan tarihi na Waziri Junaidu, sannan ya sayi kilishi da takalman fata ya kamo hanya. Ni ma na yi duk waɗannan, kuma ba zan daina ba muddin Allah Ya kai ni garin. Amma labarin da zan bayar na wani gini ne da ba a kai baƙo wurinsa, alhali da wuya a sami unguwar da ba ta taɓa zuba ido tana jiran motar da ke fitowa daga cikinsa ba. Tsohuwar tashar 'yan kwana-kwana ce, inda kawuna ya yi aiki har ya yi ritaya.

Sana'ata koyar da zanen gine-gine a Zariya. Mahaifiyata Basakkwata ce, ƙaninta kuwa yana zaune cikin tsohon gari, a gidan da aka haife su. Tun ina yaro nake jin labarin tasharsu a bakinsa. A hunturun da ya wuce na ƙudura cewa in na je gaishe shi, sai ya kai ni na gan ta da idon mai sana'ar gini.

Muka bar Zariya bayan asuba, domin hanyar Funtuwa zuwa Gusau ba wadda ake so dare ya riski mutum a kanta ba ce a wannan zamani. Muka wuce Tsafe, Kwatarkwashi da duwatsunta, Gusau, Bunguɗu, Maru, Talatar Mafara. Daga nan itatuwa suka yi ta raguwa, hazo ya sauko har rana ta zama abar kallo da ido. Ni dai rumbuna nake bi da kallo. Daga wajen Tureta zuwa Dange da Shuni, kusan kowane ƙauye za ka hango rufewa a jere, manyan rumbunan laka masu faɗin ciki, kowace da hular ciyawa a kanta. Wanda bai sani ba zai ɗauka ciyawar ce rufin. Ainihin rufin laka ne, da ɗan ƙaramin baki da murfinsa, ciyawar don ruwan sama aka ɗora ta. In wuta ta kama, sai a sa doguwar sanda a tunkuɗo hular ƙasa, ta ƙone ita kaɗai, geron shekara ya tsira. Tun kafin in shiga gari, manoman ƙasar sun riga sun fara karanta mini darasin da na zo nema.

Gidan Kawu gida ne mai zamani biyu. Zauren da shigifar da kakanmu ya gina na laka ne, ɗakunan da aka ƙara daga baya na bulo da kwano. Bayan sallar isha'i, muna cikin hira, sai na ga ya miƙe ya ɗauki tocila. Na bi shi. Ya shiga madafa ya tona tokar murhu da ƙafar takalminsa, ya taɓa kan tukunyar gas ya tabbatar a rufe take, ya tsaya ƙofar ɗakin matan gida ya tambaya ko an fito da kaskon garwashi. Aka ce an fito da shi. Bai gusa ba sai da ya gan shi a tsakar gida.

“Ɗana, wanga lokaci shi na lokacin aikinmu,” in ji shi. “Sanyi ka sa mutane su shiga da wuta ɗaki, iska kuma ta ɗauke ta ta kai ma maƙwabci.”

Ya tuna mini hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa wani gida ya ƙone da mutanensa a Madina cikin dare, da aka ba Manzon Allah (SAW) labari sai ya ce wutar nan abokiyar gabarku ce, in za ku kwanta ku kashe ta. Kawu ya ce shekarun da ya yi yana aiki bai ga abin da ya ƙara wa wannan magana ba, sai dai sababbin ƙofofin da wutar ta samu na shigowa: waya, fetur, gas.

A shigifar aka yi mini shimfiɗa. Na kwanta ina kallon azara a sama, an jera ta a gicciye, ta yi baƙi ƙirin don daɗewa. Azara giginya ce da aka tsaga, gara ba ta cin ta. A kanta ake shimfiɗa zana ko kara, sannan a zuba laka mai kauri a daddaɓe, a fitar da indararo. Tartsatsin da iska ta ɗauko in ya faɗa a kan irin wannan rufi, nan zai mutu, ba abin da zai kama. Lokacin da Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a 1809, Shehu kuma ya baro Sifawa ya dawo cikinta a 1815, jama'a suka yi ta kwararowa daga ko'ina, gari ya cika cikin ɗan lokaci. Mafi yawan gidajen talakawa a biranen wancan zamani jinka ne da dangar zana, manne da juna. A watannin da iska ke kaɗawa, komai ya bushe ƙamas, garwashi ɗaya ya isa ya cinye unguwa. Shi ya sa duk mai hali yakan yi ƙoƙarin gina ɗaki ɗaya mai rufin laka, inda zai ajiye abin da ba ya so ya rasa. A garin malamai, inda babbar dukiyar gida takan zama takardun da aka rubuta da hannu, ka ga ashe shigifa ba ɗakin kwana kaɗai ba ce. In kuwa wuta ta tashi, kururuwa ce da kabbara, mata da tuluna, maza da ƙasa, masu ƙarfi kuma su kayar da dangar da ke gaban wutar don ta rasa abin ci. Kafin zuwan mota, babban maganin gobara a hannun magina yake.

Da safe muka hau kabu-kabu zuwa tashar.

Ba gini ne da zai tsayar da mai wucewa ba. Dogo ne, marar bene, da manyan baki uku masu tsawo suna fuskantar titi, ba su da ƙyaure. Jan fentin da ke goshinsa rana ta ci shi har ya koma launin ƙasa. Salonsa na gine-ginen gwamnati ne irin waɗanda suka yawaita a garin daga 1967, shekarar da Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma, kuma shekarar da kamfanin siminti na Kalambaina ya fara fitar da siminti. Ana gane ginin wancan lokaci da kaurin bango, da baranda mai inuwa, da bulo mai huda-huda da ake jerawa a ƙarƙashin rufi don iska ta ratsa.

Matasan da ke bakin aiki na hango Kawu suka miƙe. Ɗaya ya sara masa, ya ce, “Baba, sannu da zuwa, yau an tuna da mu.” Kawu ya kai ni gaban jami'in da ke riƙe da tashar a ranar, ya ce ga ɗan yayarsa, malamin gini ne, ya zo kallon bango. Na ce, “Yallaɓai, in ba damuwa, ina so in zagaya in auna.” Ya ce bismillah, sai dai in na ji ƙararrawa in manne da bango.

Abin da na fara lura da shi, ƙafata ce ta gaya mini. Daɓen ɗakin motoci ba a miƙe yake ba, yana da ɗan gangare zuwa titi. Na tsuguna na ɗora ma'aunin ruwa, kumfar ta karkata. Kawu ya ce amfaninsa biyu ne. In an wanke mota ko mesa, ruwan waje zai nufa. In kuma batir ya yi sanyi da asuba, mutum uku su dafa motar kaɗan, gangaren ya ƙarasa aikin. Motocin duk hancinsu na kallon titi, domin in sun dawo daga aiki da baya ake shigar da su, komai gajiyar direba. Tsawon bakin ɗakin an yi shi ne da lissafin tsanin da ke kwance a bisa motar. Rufin kuwa an ɗaga shi sosai, ga hudojin bulo a sama, saboda hayaƙin inji ya sami mafita, kuma saboda zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 a garin nan. Na tsaya a tsakiyar ɗakin da hantsi, iska na ratsawa ta baya tana fita ta gaba, babu fanka ko ɗaya.

A bangon baya akwai jerin ƙusoshi, kowace da hular kwano da riga mai kauri. A ƙasan kowace riga takalmin roba ne, an zura wando a kansa an naɗe shi har ƙasa, yadda mutum zai zura ƙafa biyu ya ja wandon sama a motsi ɗaya. Daga ɗakin hutawa zuwa jikin mota na taka na ƙirga: babu kwana, babu matakala, babu dokin ƙofar da zai harɗe mai gudu, ƙofar kuma waje take buɗewa. Ɗakin mai jiran waya yana kusurwa, tagarsa ɗaya na kallon ƙofar shiga, ɗaya na kallon motoci, ga ƙararrawa a inda hannunsa zai kai ba tare da ya tashi ba. Duk wanda ya zana ginin nan da agogo a hannu ya zana shi. Babu ado ko na kwabo, amma ban ga taku ɗaya da aka ɓata ba, kuma wannan a wurina shi ne gwaninta. Mu 'yan Zariya muna alfahari da Babban Gwani Muhammadu Durugu da bakan gizon da ya ɗaura a masallacin Juma'a, kuma mun cancanci yin alfaharin. Sai dai gini yana da wani kyau na daban, wanda ba ya bayyana sai lokacin da ake aiki da shi.

A kan teburin mai jiran waya na ga wani ƙaton littafi mai baƙin bango, gefensa ya lanƙwashe don yawan buɗewa. Kowane kira sai an rubuta shi: lokacin da waya ta shigo, lokacin da mota ta fita, lokacin da ta isa, unguwa, abin da ake zaton ya tayar da wutar, rayuka, dukiya. Na buɗe shafukan baya da izinin jami'in. Rubutun hannu iri-iri, wani a tsanake, wani ka san mai shi hannunsa na rawa ya yi shi. Wanda ya bi irin waɗannan littattafai shekara bayan shekara zai ga yadda gari ya faɗaɗa, ya ga lokacin da jinka ta ja baya, wutar lantarki da janareta suka karɓi wurinta a layin dalili. Tarihin Sakkwato ne ta wata fuska, kuma a ganina duk wanda ya cika ya tsufa, wurinsa na ajiya yana kusa da takardun da ke gidan tarihi na Waziri Junaidu.

Abu biyu ne babu a tashar, kuma su ne ɗalibaina ba sa mantawa duk lokacin da na ce su zana tashar kashe gobara: hasumiya, da sandar ƙarfen nan da ake sulalowa a kanta daga bene. A hotuna suka gan su, suka ɗauka dole ne. Kowannensu kuwa yana da garinsu da dalilinsa. Santambul, a ƙasar Turkiyya, birni ne da gidajensa suka kasance na katako, gobara ta sha cinye unguwanninsa, shi ya sa aka riƙa gina hasumiyar tsaro. Na katakon da aka fara yi a unguwar Beyazit su ma wuta ta ci su, sai a 1828, zamanin Sarki Mahmud na Biyu, aka gina ta dutse mai tsawon mita 85, wadda har yau tana tsaye. Masu gadi na zama a samanta dare da rana, in sun hango hayaƙi su ba da alama, da rana da kwanduna, da dare da fitilu. A Turai da Amurka hasumiyar ta sami aiki na biyu. Mesar da ta zare ce, in aka naɗe ta da danshi sai ta ruɓe, ƙasashen kuma ba su da rana, don haka sai a rataye ta a tsaye cikin hasumiya ta tsane. Sandar sulalowa kuwa a Shikago aka fara ta a 1878, lokacin da dawaki ke jan injin ruwa. Dawakin na ƙasa, mutane na kwana a bene saboda ƙarancin fili, sai aka nemi hanyar da ta fi matakala sauri.

Ita kanta rundunar kashe gobara ta gari ba ta daɗe can ba. Bayan gobarar Landan ta 1666, wadda ta cinye gidaje sama da 13,000, kamfanonin inshora ne suka riƙa ajiye nasu 'yan kwana-kwanan. Sai a 1824 birnin Edinbara na Birtaniya ya kafa rundunar da hukumar gari ke riƙe da ita, ƙarƙashin James Braidwood. A Nijeriya aikin ya fara ne a Legas, a farkon ƙarni na 20, a matsayin wani reshe na 'yan sanda, a 1963 kuma aka yi dokar da ta kafa hukumar kashe gobara ta tarayya. Jihohi suna da nasu hukumomin, su ne kuma ke riƙe da yawancin tashoshin da muke gani a biranenmu.

To me Sakkwato za ta yi da hasumiya? Waya ta karɓi aikin mai hangen hayaƙi. Mesar yanzu zaren roba ce mai shafen roba a ciki, ga rana kyauta. Fili kuma akwai shi, ma'aikata na kwana daɓe ɗaya da motarsu. Wanda ya zana tashar nan ya dubi garin da yake ciki, ya bar abin da ba a bukata. Na so a ce ɗalibaina na tare da ni a wurin.

A bayan ginin na iske wani matashi yana shanya mesa a kan daɓen siminti. Ya miƙe ta tsawonta, kusan mita 25, ya ɗaga kai ɗaya ya ɗora a kafaɗa, ya riƙa tafiya a hankali tana bi ta kan kafaɗarsa, ragowar ruwan ciki na gudu yana fita ta ɗaya bakin. Da ta bushe ya durƙusa ya fara naɗi daga bakin ƙarfen, yana matsewa da gwiwa, yana daidaita gefe da tafin hannu, har ta zama faifai guda. Ya ɗaga ta, ya riƙe kunnuwan ƙarfen, ya taka da sauri, sai ga ta tana warwarewa a miƙe ba ko murɗiya. Ya ce mini mesar da aka naɗe da ganganci, a gaban wuta take rama wa mutum.

Nan bayan ne kuma ruwa yake: tanki a bisa ƙafafun ƙarfe, wani a ƙarƙashin ƙasa da murfin kankare, da rijiyar burtsatse. Jami'in ya yi mini lissafin da ya kamata kowane ɗan gari ya sani. Motar da ta ɗauki lita 5,000 tana ɗauke da tan 5 na ruwa, nauyin da ba a gudun ganganci da shi a kwana. Mesa ɗaya mai fitar da lita 500 a minti za ta kwashe wannan ruwa cikin minti 10. In an buɗe biyu, minti 5. Daga nan, in babu wurin ɗiba a kusa, motar ta koma mai garuwa, ta je ta ɗebo ta dawo, wuta kuwa ba ta jira. Jama'ar da ke tsaye, da suka ga motar ta juya, sai su ce ai dama ba su zo da ruwa ba. Kawu ya ture hularsa ya nuna mini tabo a gefen goshi. Dutse ne, wani dare, a wata unguwa, daga hannun mutanen da ya je taimako.

“Ban riƙe su ba,” in ji shi. “Mutumin da ka kallon gidansa na ci, ba shi cikin hankalinsa. Amma da sun san lissahin ruwa, da tanki sunka nuna muna, ba dutse ba.”

Ruwa ba baƙo ba ne a Sakkwato. Garin yana zaune ne a kan tudu kusa da inda gulbin Rima da na Sakkwato suka haɗu, ga madatsar Goronyo a sama. Magana ita ce yadda za a kusantar da ruwan ga inda wutar take. A biranen da aka tsara da gobara a zuciya, akan kafa famfunan kashe gobara a bakin titi, tazara kaɗan-kaɗan, mota ta jona ta yi ta aiki ba tare da ta gusa ba. A nan na fahimci cewa abin da nake aunawa tun safe rabin gini ne. Ɗaya rabin yana waje, a faɗin titi, a lungu, a wurin ɗiban ruwa, a halin direban da ya ji jiniya. Mai zane ya gama nasa rabin da kyau. Sauran rabin mu mutanen gari ke gina shi kullum, ko mu rushe shi.

Ban bar wurin ba sai da na gani da idona. Muna shan shayi a gindin dogon yaro ƙararrawa ta kaɗa. Na manne da bango yadda aka ce. Kafin in ajiye kofi, takalma sun shiga ƙafa, inji ya tashi, mota ta gangara titi, na ƙarshensu yana ƙarasa ɗaura hula a kan matakin mota. Sai ga ta a mahaɗar farko ta tsaya cik, jiniya na kuka, wata motar albasa ta gicciya, masu babura na kutsawa ta gefenta kowa na son ya riga wucewa. Daƙiƙun da ginin ya tara musu ɗaya bayan ɗaya, a wurin nan suka zube. Allah Ya taƙaita, juji ne aka cinna wa wuta ta lasa dangar wani gida, suka kashe suka dawo, direba ya juya ya shigar da motar da baya.

Da dare wani maƙwabcin Kawu ya shigo zaure hira, ɗan kasuwa mai sayar da atamfa. Yana cikin waɗanda gobarar babbar kasuwar Sakkwato ta shafa, wadda ta tashi da safiyar Talata, 19 ga Janairun 2021, ta ci shaguna masu ɗimbin yawa. Na yi masa jaje, ko da yake an daɗe, ya ce Allah Ya mayar da alheri, kuma Ya mayar. Abin da ya fi tsaya masa a rai, in ji shi, littafin bashi ne. Kaya an san kuɗinsu, amma littafin da ya ƙone ya bar shi da amanar mutane kawai, wasu suka kawo da kansu, wasu har yau. Yanzu a shagonsa akwai tukunyar kashe wuta da bokitin yashi, kuma ba ya rufewa sai ya sauke layin lantarki.

Wata biyu bayan ta Sakkwato, a Maris na 2021, babbar kasuwar Katsina ta ƙone. Kafin su akwai ta Sabon Garin Kano a 2016, da ta Taminus a Jos a 2002. Mai sana'ata in ya dubi taswirar yawancin manyan kasuwanninmu ta asali, zai ga an bar hanyoyi masu faɗin da mota za ta shiga. Sai a kafa tebur, tebur ya zama rumfa, rumfa ta zama shago, a ja waya daga maƙwabci, a ajiye janareta da jarkar fetur a bayan katifu. Ba na zargin mai neman abincinsa, domin na san ba don jin daɗi mutum ke kasa kaya a kan hanya ba. Amma hanyar da aka bari a kasuwa ba fili ne da ya rasa mai shi ba, ta ranar gobara ce.

Gidajenmu ma haka. Mun bar shigifa, kuma da dalili muka bar ta: yaɓe duk shekara, yoyo da damina, ga magina na ƙarewa. Sai dai abin da muka musanya ta da shi, kwano ne a kan katako, da silin roba, da katifar soso, da tagogin da aka yi wa walda da rodi saboda ɓarayi, da ƙofa ɗaya tak. Silin roba in ya kama narkewa yake yi yana ɗiga, hayaƙinsa guba ne. Kawu ya ce, “Hayaƙi ka kashe mutum tun wuta ba ta taɓa shi ba. Sau da yawa mun iske su bakin taga, hannu na riƙe da ƙarhe.” Ya yi shiru, mu ma muka yi. Abin da yake roƙon duk mai gini shi ne, ko taga ɗaya ce a kowane ɗakin kwana, a yi wa ƙarfenta maɓalli yadda za a iya buɗe ta daga ciki, makullin kuma a rataye shi inda yaro ma ya sani. Kuɗin wannan bai kai na fentin ɗaki ba. Na ɗauki alkawarin ba zan ƙara sa hannu a zanen ɗalibin da babu wannan a ciki ba.

Ana gobe zan koma, na fito da tef muka auna lungun gidan. Ganuwar Sakkwato yawancinta ta tafi, sai sunayen ƙofofi suka rage a bakin mutane, Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Kware, Ƙofar Atiku, Ƙofar Taramniya. Amma lungunan ciki suna nan yadda aka fitar da su don mai ƙafa da jaki da doki. Na Kawu, a inda ya fi matsewa, bai kai mita 2 ba. Motar kashe gobara kuwa faɗinta wajen mita 2 da rabi ne. Ba za ta taɓa shiga ba, kuma ba wanda zai ce a rushe gidajen kakanni don ta shiga. Muka auna daga bakin titi zuwa ƙofar zaure, na raba da tsawon mesa, ya ba ni bakwai. Kawu ya ce bakwai ne, in an bi ta bayan masallaci kuma shida, ya daɗe da takawa. Ya san inda motar za ta tsaya ba ta toshe hanyar ta biyu ba. Ya san gidan da ke da tanki a ƙasa, da mai rijiyar da ba ta ƙafewa da bazara, da gidan da ake ajiye fetur na sayarwa. Duk a kansa suke, ba a rubuce ba.

Na ce, “Kawu, bari in zana maka shi.”

Muka zauna a zaure da fallen takarda babba, yana faɗa ina sawa. Na ja titi da lunguna, na sa jan ɗigo inda mota za ta tsaya, shuɗi inda ruwa yake, na rubuta yawan mesa a bakin kowane lungu, a ƙasa kuma lambar wayar tashar da lambar gaggawa ta 112. Maƙwabcin nan mai atamfa ya leƙo ya gyara mana wuri ɗaya, ya ce an toshe wancan lungun da ɗaki tun bara. Muka yi kwafi biyu. Da safe, kafin a kai ni tashar mota, Kawu ya sa babbar riga ya naɗe takardun, ya ce ɗaya ta mai unguwa ce, ɗaya kuma zai kai wa yaransa su manna a ɗakin waya.